Gwiwar Bututu da Bangon Rami: Nazarin Wani Lamari a Gaɓar Gabashin Saudiyya

Wata goma sha ɗaya da fara tura ɗanyen mai cikin bututun da muka binne a ƙasan teku muka fita duba shi, kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Ina zaune a ɗakin sarrafa na'urori na jirgin aiki, ina kallon allon da ke nuna ƙasan ruwa. Ruwan ya gurɓace, da ƙyar ake ganin abin da ya wuce mita ɗaya. Shugaban masu nutso ya zare abin magana daga kunnensa, ya matso kusa da ni, ya yi magana da Hausa don kada sauran su ji tun ba mu tabbatar ba.

"Injiniya, yaron da ke ƙasa ya ce wurin gwiwar nan ya tashi kunya, irin ta gona. Gefe ɗaya tudu, gefe ɗaya kwari, kamar an bi da garma."

Na ce, "Baba, ko anka ce wani jirgi ya ja ta wurin?"

Ya girgiza kai. "Anka tana barin layi miƙaƙƙe, ta shigo daga wani wuri ta fita ta wani wuri. Wannan ya bi kwanar bututun sak. Daga ƙasa aka turo shi, ɗana."

Da aka auna, tudun ya kai tsawon mita 40 a gefen waje na kwanar, kwarin kuma yana gefen ciki. Bututun da muka binne, muka lissafa cewa motsinsa ba zai kai santimita 10 ba, ya yi tafiya a kaikaice cikin ƙasa kusan santimita 60. Ni ne injiniyan ƙasa a kamfanin da ya yi zanen, kuma da hannuna a cikin kuskuren. Na rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da ke karatun injiniya a Zariya, Kano, Bauci da nan Zahran, domin a aji ba a cika tsayawa a kan wannan batu ba.

Wurin da ƙasarsa

Aikin yana gaɓar Tekun Fasha, wanda a nan ake kira Halijin Larabawa. Teku ne marar zurfi: inda ya fi zurfi bai wuce mita 90 da wani abu ba, kuma a ɓangaren Saudiyya sai ka yi tafiyar kilomitoci daga gaɓa ruwa bai kai mita 15 ba. A wannan yanki ne Safaniya take, filin man cikin teku mafi girma a duniya, wanda aka gano a 1951, ga Zuluf da Marjan da Berri da Manifa. Ƙasan ruwan cike yake da bututai, ga jiragen kamun kifi da na aiki suna ta kai da kawo. Shi ya sa duk bututun da ya kusanto gaɓa sai a haƙa masa rami a binne, a kare shi daga anka da igiyar ruwa.

Namu bututu ne mai faɗin inci 24, wato milimita 610, kaurin ƙarfensa milimita 19. An lulluɓe shi da maganin tsatsa, sannan da rigar kankare don ya yi nauyi, faɗinsa duka ya koma kamar santimita 77. A inda ruwa yake mita 9, hanyarsa ta karkata da digiri 30 don ta kauce wa wani tsohon bututu. A nan aka sa gwiwa.

Wanda ya saba da yashin kogin Kaduna ko na Challawa zai yi mamakin yashin nan. Namu na gida dutse ne da ya farfashe, ƙwayarsa a cike take, ba ta murƙushewa. Na nan ragowar halittu ne: ɓawon katantanwa, ƙwanso, gutsattsarin murjani. Ka ɗebi ɗan kaɗan ka murza a tafin hannu da babban yatsa, za ka ji yana ƙaras-ƙaras, ya bar maka farin gari kamar alli. Ƙwayoyinsa masu kusurwa ne, suna sarƙewa da juna, saboda haka a ɗakin gwaji yana nuna ƙarfi sosai. Amma da an matsa masa sai ya murƙushe, ya shige cikin kansa. A ƙarƙashin wannan yashi kuma akwai ɓawon dutse, wato yashin ne da kansa ya daskare ya haɗe, wani wuri kaurinsa bai kai kamu ɗaya ba, wani wuri ya fi tsayin mutum.

Wannan ƙasa ta daɗe tana yaudarar injiniyoyi. A 1968, a filin Lavan da ke ɓangaren Iran na wannan teku, ana buga turakun ƙarfe na wani dandalin aikin mai a teku, da suka huda ɓawon dutsen sai suka zurma da kansu kusan mita 15 ba tare da an buga ba. A farkon shekarun 1980 aka sake ganin irin haka a dandalin North Rankin na Ostareliya, gyaran ya ci shekaru da kuɗi masu yawa. Na san waɗannan labarai tun ina ɗalibi a Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adanai. Sai dai a kaina na ajiye su a babin turaku, ban kawo su babin bututu ba.

Dattijon da nake kira Baba haifaffen Makka ne, ɗan ƙasar Saudiyya. Kakanninsa da ƙafa suka baro ƙasar Kano, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya ta Sawakin. Hausarsa tana da daɗi, ta tsofaffi, a gauraye da Larabci. Ya fi shekara 30 a aikin nutso. Bai taɓa buɗe littafin lissafin ƙasa ba, amma hannunsa ya taɓa ƙasan tekun nan fiye da duk wanda ke ofishinmu na Khobar.

Ƙarfin da ke cikin ƙarfe

Mai karatu zai tambaya: me zai tura bututun da aka binne a ƙarƙashin mita ɗaya da rabi na ƙasa? Zafi ne da matsi. Duk wanda ya lura da tsohon layin dogo ya ga ɗan giɓin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don in rana ta yi zafi ya samu wurin miƙewa. Bututu ba shi da giɓi, walda ce daga farko har ƙarshe.

An shimfiɗa namu da sanyi, ruwa yana wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Man da ke fitowa daga rijiya yana zuwa da digiri 80. Bambanci digiri 60 ke nan. Ƙarfe yana ƙaruwa da kusan milimita 12 a kowace kilomita in zafi ya hau da digiri ɗaya, don haka kilomita guda tana son ta ƙara santimita 70. In ƙasa ta riƙe shi ta hana, son miƙewar nan sai ya zama ƙarfi a cikin jikinsa. A bututu mai girman namu, zafi kaɗai yana ba da kimanin tan 520. Matsin mai, wanda ya kai bar 100 a ma'aunin matsi, ya ƙara tan 100 da 'yan kai. Jimla ta haura tan 600. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce, to ka ƙiyasta tirela ashirin suna tura ƙarfen ta tsawonsa.

Inda bututu yake miƙe, wannan ƙarfi yana tunkarar kansa da kansa, sai dai in ya samu tudu ya gantsare sama. A gwiwa kuwa ƙafafu biyu ne suke turowa, kowace daga nata ɓangare, su haɗu su tura kwanar waje. A kwana mai digiri 30, abin da ke tura ta waje ya haura tan 300. Babu abin da zai tare shi sai ƙasar da ke gefen bututun.

Akwai wani lissafi da ya kamata in yi tun farko, ban yi ba sai bayan abin ya faru. In ƙasar gefe ba ta riƙe komai ba, kowace ƙafa za ta turo kamar santimita 26 zuwa gwiwa kafin gogayyar ƙasa ta tsayar da ita. Saboda kwanar ba ta da tsanani, wannan santimita 26 tana zama kusan mita ɗaya na tafiya a kaikaice. Ƙaramar kwana ta fi babba ninka motsi. Mutane da yawa suna ɗaukar akasin haka.

Abin da ke cikin zane

A kwamfuta ba ma zana ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Muna wakiltarta da sifirin, irin na katifa, a jere a jikin bututun: na tsawo, na gefe, na sama da na ƙasa. Kowane sifirin lambobi biyu ne ke bayyana shi, wato iyakar ƙarfin da zai iya riƙewa, da nisan da bututu zai motsa kafin a kai wannan iyaka. A yashi, ƙarfin gefe shi ne nauyin ƙasa a cikin ruwa, sau zurfin tsakiyar bututu, sau faɗinsa, sau wata lamba da ta dogara da yadda ƙwayoyin suke sarƙewa.

Wannan lamba tana da tarihi. Wani masani mai suna Hansen ya fitar da ita a 1961 don turaku. Audibert da Nyman suka gwada ta a kan bututu a 1977. Trautmann da O'Rourke suka yi gwaje-gwaje masu girma a Jami'ar Cornell ta Amurka a farkon shekarun 1980, daga nan ta shiga jagororin injiniyoyin Amurka na 1984 da na 2001. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma a akwati aka yi akasarin gwaje-gwajen, an cika shi da ƙasa iri ɗaya daga bango zuwa bango. Babu rami a ciki, babu ciko.

Mu kuwa muka ɗauki sakamakon gwajin yashin wurin, wanda aka haƙo kafin a taɓa shi, a dandanƙare, mai kusurwar gogayya (ma'aunin yadda ƙwayoyi ke sarƙewa) digiri 40, muka zuba a lissafi. Ya ba mu tan 23 a kowace mita, wanda ake kai wa bayan motsin santimita 9. Da wannan lamba, ƙasar da ke 'yan mitoci kaɗan a kowane gefen gwiwa ta isa ta riƙe tan 300. Rahoto ya yi kyau, kowa ya sa hannu.

Kuskuren farko ke nan, kuma duk wanda ya taɓa gini a gida ya san shi. Ƙasar da aka tone aka mayar ba ta komawa yadda take. Gidan da aka gina a kan kududdufin da aka cike shi ke fara tsagewa a unguwa. Kushewa ma, Allah ya jiƙan magabata, damina ɗaya take yi ta lotsa. A tudu ana yayyafa wa ciko ruwa a daddaɓe shi. A ƙarƙashin teku babu mai daɓe. Ana zuba yashi daga sama, ya sauko cikin ruwa a hankali, ya kwanta sakwa-sakwa. Ko da an zuba yashin da muka rubuta, mai tsabta, da ya ba da kamar tan 8 ne a kowace mita, kashi ɗaya cikin uku na abin da muka sa.

Takardar da na sa wa hannu

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi.

An fasa ramin cikin ɓawon dutse da injin haƙa mai haƙora. Faɗin gindinsa mita biyu da rabi. An kwantar da bututu, an haɗa gwiwa, saura ciko. Sai iskar shamal ta taso. Iska ce ta arewa maso yamma, da sanyi takan kwana uku ko biyar tana kaɗawa, teku ya hautsine, babu jirgin aikin da ke iya tsayawa. A shekarar nan ta zo a jere, wata na lafawa wata na tasowa, jiragen suka yi kusan mako biyu a tashar ruwa. Duk wannan lokaci ramin yana buɗe.

Aikin haƙa ya riga ya tayar da farin gari mai yawa a cikin ruwa, igiyar ruwa ta ƙara tayar da wani. Rami kuwa wuri ne mai kwanciyar ruwa, duk abin da ke yawo a nan yake sauka. Garin nan ya taru a gefen bututun, ya kai har kusan samansa.

Da iska ta kwanta, aiki ya makara, kuɗin hayar jirage yana ta hawa. Ɗan kwangilar ya aiko da takarda yana neman izini a mayar da ƙasar da aka tono maimakon a jira yashin da za a kawo daga wani wuri. Takardar ta zo teburina ranar Alhamis da yamma, ga hutun Juma'a da Asabar a gaba. Na duba abu biyu: shin kaurin ƙasar da ke sama zai kai mita ɗaya da rabi, kuma shin nauyinta ya isa ya hana bututu gantsarewa sama? Duka biyun sun yi. Na sa hannu. Ban tambayi abin da ke gefen bututun ba, ban nemi a tura mai nutso ya soka sanda ya ji ba, ban tuna da gwiwa ba.

Bayan shekara, muna shan gahawa da dabino a bayan jirgi, Baba ya ce mini, "Wallahi na ga farin kunun nan a ramin kafin a rufe. Hannuna ya shige har gwiwar hannu. Na faɗa wa wakilin ɗan kwangila, ya ce halas, magana ta ƙare, injiniya ya sa hannu."

Na ce, "Baba, da ka kira ni."

Ya ce, "Da ka tambaye ni, ɗana."

Gaskiyarsa. Babu wani layi a takardunmu da ya ce a rubuta abin da mai nutso ya ji da hannunsa.

Da muka tone

Mai aikin ya rage yawan man da ake turawa, zafi ya sauka. Aka tura na'urar leƙen ciki ta bi bututun, ta auna siffarsa da inda yake kwance. Sannan aka kawo injin tsotsa aka buɗe gwiwar da mita 30 a kowane ɓangare, a hankali, kada a cire ƙasar da ta rage tana riƙe da shi gaba ɗaya.

Abin da ke cikin ramin hawa uku ne. A sama gutsattsarin dutse da yashi a cakuɗe. A tsakiya yashi sakwa-sakwa. A ƙasa, daidai inda bututun yake, farin taɓo mai laushi. Da muka gwada shi, ƙarfinsa bai wuce kilofaskal 3 ba a ma'aunin ƙarfin ƙasa, abin da ke ba da kamar tan ɗaya da rabi a kowace mita. Mun rubuta 23. Ka tura muciya cikin tuwon da ya kwana, sannan ka tura ta cikin kunu, za ka ji bambancin a hannunka.

Wani matashi ɗan Gombe da ke digiri na biyu a Zahran, yana koyon aiki a wurinmu, shi ya zauna ya jera tarihin zafin bututun da abin da aka gani a rami. Ya kawo mini takarda ya ce, "Malam, ina ga ba tafiya ɗaya ya yi ba." Ya yi daidai. A wata goma sha ɗayan an tsayar da mai sau da dama. Duk sanda aka kunna, gwiwa ta tura waje, ta matse taɓon da ke gabanta, ta bar giɓi a bayanta. Yashin sama ya zubo ya cike giɓin. In an kashe, ƙarfe ya huce yana son komawa, sai ya tarar an zauna masa a wuri, ya koma rabi. Kunnawa ta gaba daga nan zai fara. Yashin da ke zubowa shi ya bar kwari a sama, wanda ake turawa kuma ya tashi tudu. Kunyar da mai nutso ya gani ke nan.

Ga inda abin ya fi tayar mini da hankali. Bututun bai tsaya don taɓo ya riƙe shi ba. Ya tsaya ne don ya kusanci bangon rami. Tun kafin ya taɓa bangon, ƙasar da ta rage a tsakani ta matsu ta yi tauri, ƙarfin turjiya ya hau farat ɗaya. Da bangon a shafe yake, da abin ya zo da sauƙi. Amma haƙorin inji ba ya barin dutse sumul. Akwai wani ƙullutu da ya fito kamar kan rago, mita biyu daga waldar da ta haɗa gwiwa da bututu. A kansa bututun ya jingina. Ƙarfin da muka zaci zai bazu a mitoci masu yawa ya taru a wurin da bai fi faifai ba. Rigar kankare ta tsage a nan, wani ɓangare ya ɓantare, mai nutso ya fito da shi a hannu, ana ganin ragar ƙarfen da ke ciki. Maganin tsatsa ya kuje amma bai huje ba. Na'urar ciki ta nuna bututun ya ɗan shafe daga da'ira, a cikin iyakar da aka yarda da ita. Alhamdu lillahi, ko ɗigon mai bai fita ba. Amma bangon yana da gangara, kuma akwai alamar bututun ya fara hawa shi da 'yan santimitoci. Da an ƙara shekara ɗaya ko biyu a haka, ƙasar da ke kansa za ta riƙa raguwa, shi kuma yana ƙara samun sauƙin tashi.

Masu bincike sun daɗe da ganin wannan hali. A cibiyar C-CORE da ke Newfoundland ta Kanada, inda damuwarsu ita ce manyan duwatsun ƙanƙara da ke kartar ƙasan teku su ture ƙasa a kan bututu, sun yi gwaje-gwajen bututu a cikin rami da injin majaujawa. Ana sa ɗan ƙaramin samfuri a juya shi da gudu har nauyinsa ya ninka, misali sau 20, sai bututun santimita 4 ya yi halin na santimita 80. Abin da ake gani shi ne turjiya mai mataki biyu: ta ciko da farko, sannan ta bango. Faɗin rami, gangarar bangonsa, da bambancin taurin ƙasashen biyu duk suna canza sakamako. Saurin motsi ma yana da tasiri. In an tura da sauri, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi ba ya samun fita, shi ke ɗaukar nauyin. In a hankali ne, ruwa ya tsiyaye, ƙasa ta matsu. Bututunmu yana ɗumama cikin sa'o'i, farin taɓon kuwa yana bukatar lokaci mai tsawo kafin ya tsane. Don haka kullum a mafi rauninsa bututun ke samunsa.

Gardamar gyara

Zaman da aka yi a Khobar ya ɗauki yini biyu. Wasu suka ce a zuba ƙaton kankare a bayan gwiwar, a cike tsakaninta da bango, a kulle ta kada ta ƙara motsi. Shawara ce mai jan hankali domin tana da sauƙin fahimta, kuma ana yin haka a bututun ruwan sha a tudu.

Ban yarda ba, har yanzu ma ban yarda ba. Tan 300 ba ya ɓacewa don ka hana shi tafiya. In ka kulle gwiwa da abu mai tauri, ƙarfin zai taru a bakin kankaren, inda tauri ya ƙare laushi ya fara, kuma nan ne kusa da walda. Mun riga mun ga abin da ƙullutu ɗaya ya yi. Ga shi ɓawon dutsen da za a jingina da shi ba mu san kaurinsa a kowace mita ba, a ƙarƙashinsa kuma yashi ne mai murƙushewa. Abin da bututun ke bukata shi ne riƙo mai yalwa, mai ɗan sassauci, a tsawo mai yawa.

A nan ne na ga dalilin da ya sa jagorar DNV (kamfani mai tsara ƙa'idojin ayyukan teku) kan hulɗar bututu da ƙasa, wadda ta fito a 2017, take neman a yi lissafi da ƙiyasi uku: na ƙasa, na tsakiya, da na sama. Babu lamba ɗaya da za a ce ita ce ta kariya. In tambayarka nisan da gwiwa za ta tafi ce, ƙasa mai laushi ce abin tsoro. In tambayarka lanƙwasar da ƙarfe zai sha ce, ko kuma ƙasa ce ke zaftarewa tana tura bututu, mai tauri ce abin tsoro. A raminmu duka biyun suna nan, santimita 60 ne kawai a tsakaninsu.

Muka sake lissafin da sifirin mai mataki biyu, mai laushi har zuwa kusa da bango, sannan mai tauri, muka sa kunnawa da kashewa sau da yawa. A karon farko kwamfuta ta fitar da abin da ya yi kama da wanda mai nutso ya gani. Sai da ta iya maimaita abin da ya riga ya faru muka yarda mu tambaye ta abin da zai faru.

Gyaran da aka amince da shi ba shi da ado. Aka tsayar da mai aka bar bututu ya huce sarai, ya ja da baya iyakar iyawarsa. Aka tsotse farin taɓon a mita 60 kowane ɓangare na gwiwar, kashi-kashi. Masu nutso suka sare ƙullutun da wasu biyu da aka gano kusa da shi, suka jera buhunan siminti a jikin bango don ya zama shafaffe. Aka gyara rigar kankare. Sannan aka cike gefen bututun da tsakuwar dutse mai tauri da aka kawo daga tudu, mai girman inci 1 zuwa 5, wadda ruwa ke ratsawa nan take kuma ba ta bukatar daɓe kafin ta sarƙe. A sama aka shimfiɗa katifun kankare. Ba a yi ƙoƙarin mayar da bututun layinsa na asali ba, domin jan sa da ƙarfi zai ƙara masa wata lanƙwasa.

Aikin ya faɗo cikin bazara, lokacin da doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ruwan kansa ya haura digiri 30, masu nutso suna fitowa a galabaice. Baba ya riƙa raba su gajeren zango, yana tsaye a kansu da ruwan sanyi da gishiri. Wannan zafin ruwa ya shiga lissafi shi ma: bututun da aka rufe a digiri 30 da wani abu bambancinsa da zafin mai ya ragu, amma in aka tsayar da mai da sanyi zai ja ciki fiye da da. Saboda haka aka zuba tsakuwa a gefen ciki na kwanar daidai da na waje.

A kamfaninmu an canza abu biyu. Duk takardar neman canjin ciko yanzu sai an amsa tambayar gefe da ta tsawo, ba ta sama kaɗai ba. Kuma in rami ya kwana a buɗe fiye da yadda aka tsara, sai mai nutso ya sauka da sandar ƙarfe mai alamar santimita, ya soka a gefen bututu kowace mita 10, shugabansa ya rubuta ya sa hannu kafin a zuba ko da guga ɗaya. Baba ne ya zana sandar, aka ƙera ta a wani shagon walda a Dammam.

An kafa alamomi uku a kan gwiwar don a riƙa aunawa. A dubawar farko bayan gyara ta motsa santimita 7 da aka kunna, ta dawo 5 da aka kashe. A ta biyu ta tafi 6 ta dawo 6. Akwai wata gwiwa mai digiri 20 a kilomita biyu gaba, wadda aka rufe a mako ɗaya da wannan, da takardar nan da na sa wa hannu. Samanta bai nuna kunya ba tukuna, amma na nemi a tone gefenta a soka sanda, kuma an sa ta cikin aikin watan Afrilu, bayan shamal ta wuce.